Tambaya da Amsa: Zan kai Hajiya yawon kangayen Girka, gwiwarta za ta ɗauka kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Yayanmu da ke aiki a Jamus ya ce zai biya mana ni da Hajiyarmu mu same shi a Girka, mu yi irin yawon nan na kwana huɗu da kamfani ke kwasar mutane a bas tare da ɗan jagora, a kai ku tsoffin gine-ginen Girkawa da wasu gidajen ibadar Kirista da ke kan duwatsu. Ni dai ina so wallahi, amma Hajiya ta haura sittin ga ciwon gwiwa, kuma sai cewa take me zai kai ta gidan gumaka, wa ma zai bar mai hijabi ta shiga. Ga maganar abinci da sallah. Mu je ne ko mu ce ya turo kuɗin kawai? Ƙanwarki daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan ta "ya turo kuɗin" ta ba ni dariya, to ai in kun ce haka rabi zai turo. Ku je abinku. Amma kar ku bar Yaya ya danna ya biya duk wanda ya fara gani a intanet, a zauna a duba jadawalin da gwiwar Hajiya a rai, domin nan ne tafiyar za ta yi daɗi ko ta zama wahala.

Irin wannan yawon kusan hanya ɗaya suke bi. A tashi daga Atina, babban birnin Girka, a tsaya a mashigin ruwan Koranti, a wuce Efidauros inda akwai dandalin wasan kwaikwayo na dutse mai cin mutum wajen 14,000 wanda in ɗan jagora ya tsaya a tsakiya ya yi magana na can sama yana jin sa, sai Maisini mai ƙofar zakuna, a kwana a Olimfiya inda aka fara wasannin Olimfik a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, washegari Delfi, daga nan Meteora. Olimfiya shimfiɗaɗɗen wuri ne ga inuwar itatuwa, Hajiya za ta zaga a hankali ba matsala. Delfi kuwa a jikin tsaunin Farnasos yake, hawa ne tun daga ƙofa, nan ne sarakuna ke zuwa da kyaututtuka wajen wata bokanya su ji ko su fita yaƙi ko su fasa. Ki bar ta ta tsaya daidai ginshiƙan ɗakin gunkinsu Afolo ko ta shige gidan tarihin da ke gefe ta zauna, ba dole sai ta kai filin tseren da ke can ƙololuwa ba.

Akrofolis, tudun nan mai tsoffin gine-gine a tsakiyar Atina, sau da yawa ba ya cikin kwana huɗun, daban ake biyansa, ki tambaya. Kuma a nan nake so ki ba Hajiya labari kafin ta ce gidan gumaka. Ginin Fartenon da ke sama an fara shi a 447 kafin haihuwar Annabi Isa, don gunkiyarsu Atina aka yi shi, gaskiya ne, amma daga baya ya koma coci, da Turkawan Daular Usmaniyya suka ci garin kuma ya zama masallaci har da hasumiya, an yi ta sallah a cikinsa. A 1687 ne sojojin Banis, wani birni da ke Italiya a yau, suka harba masa igwa alhali Turkawa sun ajiye albarushi a ciki, ya tarwatse, shi ya sa kike ganinsa ba rufi. Sassaƙe-sassaƙen jikinsa da yawa wani Bature Lord Elgin ya kwashe a farkon shekarun 1800, suna Landan har yau Girkawa na ta neman a maido musu, in ɗan jagoranku ya zo kan wannan za ki ga har muryarsa ta canja. Babu mai bauta wa komai a wurin yanzu, duwatsu ne da 'yan kallo da masu gadi riƙe da usur. Hukunci dai na malamai ne, ta tambayi malaminta na Islamiyya hankalinta ya kwanta, amma ita ma ta san ayoyin da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance.

Abin da ya fi damuna a Akrofolis santsi ne. Ƙafafun mutane sun goge farin dutsen wajen ƙofar shiga har yana sheƙi, silifas ɗin roba ko takalmi mai tsini ba naku ba ne, mai tsinin ma an hana shi a irin wuraren nan, a saya wa Hajiya kambas mai kama ƙasa ko da za ta yi mita. Akwai lif don masu lalurar tafiya, kamfanin ya yi muku magana tun kafin ranar. Tikiti na lokaci ne tunda tun 2023 suka ƙayyade mutum 20,000 a rana, ku karɓi na sassafe. Kuma kar ki ce ai mu 'yan Arewa mun saba da rana, a Yuli da Agusta har rufe wurin suke yi da tsakar rana saboda zafi, ba wata inuwar kirki a sama. Afrilu da Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sun fi.

Yanzu Meteora, wanda ni a ganina shi ne tafiyar gaba ɗaya. Ki ƙaddara an ɗauki dutsen Kufena an sassaƙe gefensa ya miƙe tsaye kamar bango, an jera irinsa da yawa, sannan aka ɗora gida a kan kowanne. Ruhubanawa, wato Kiristocin da ke keɓe kansu don ibada, su ne suka fara gina su a ƙarni na 14 don su nisanci mutane da yaƙe-yaƙe, sun kai 24 a da, yanzu 6 ne ke da mutane, biyu daga ciki na mata ne. Kafin a sassaƙa matakala a shekarun 1920 da tsani ake hawa ko a zauna cikin raga a jawo mutum sama da igiya, har yau za ki ga ƙugiyar tana lilo daga hasumiyar gidan Barlam, ki leƙa ƙasa ki ji cikinki ya juya. Babban gidan, Megalo Meteoro, matakalarsa ta kusa 300, ke da Yaya ku hau, a ciki akwai wani ɗan ɗaki da aka jera ƙoƙunan kawunan ruhubanawan da suka rasu a kan katako. Hajiya kuma gidan Ayos Stefanos ne nata, 'yar gada ce kawai za ta tsallaka daga inda bas ke tsayawa. To kowane gida da ranar da yake rufewa a mako, kuma gida biyu kawai kamfanoni suke kai mutane, saboda haka Yaya ya tambaya a rubuce ko Ayos Stefanos na ciki a ranarku. Kuma ku zaɓi wanda ake kwana a Kalambaka, garin da ke gindin duwatsun, masu zuwa su dawo Atina rana ɗaya sama da awa takwas suke yi a hanya, gwiwa ba ta son haka.

Hijabi kuwa, ai ku ne ma kuka cika sharaɗi. Dokar gidajen ibadar nan mace ta sa dogon siket ta rufe kafaɗa, namiji dogon wando, a bakin ƙofa akwai tulin zannuwa da ake ba Turawa masu gajeren wando su ɗaura. Ku riƙe tsabar Yuro ta kuɗin shiga, ban da hoto a cikin cocin, a rage murya.

Abinci: sublaki da giros da za ki ga ana ta ci a titi yawanci naman alade ne sai an ce kaza, ku tsaya kan kifi, miyar wake, salak da cuku da burodi, a unguwar Omoniya ta Atina kuma akwai shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash masu halal. Ku tafi da yajinku. Akwai masallaci a unguwar Botanikos da aka buɗe a 2020, a hanya kuma matafiya ne ku, kasaru da jam'i a otal. Biza ta Shengen ce, wato ta haɗakar ƙasashen Turai, Yuro 90, da inshorar lafiya mai iya ɗaukar nauyin magani har na Yuro 30,000, kuma a ofishin jakadancin Girka za ku nema tunda can za ku yi kwanakin, ba na Jamus ba don Yaya na can. Ku fara da wuri.

TAMBAYA: Anti in na je zan iya tsinto ɗan dutse ɗaya daga kangon in kawo tsaraba? Kuma ana shiga tsaunin Atos? Wani ɗalibi daga Samaru.

AMSA: Ɗana rufa wa kanka asiri, ɗaukar ko ɓarɓashi daga wuraren nan laifi ne a dokarsu, ana kama mutane a kai. Ka sayi na kanti. Atos kuma tsauni ne a arewacin Girka mai gidajen ibadar Kirista 20, mata ba sa shiga kwata-kwata, maza ma sai da takardar izini ta musamman, kuma waɗanda ba Kiristoci 'yan ɗarikar Otodoks ba mutum 10 kacal ake ba wa a rana, sai ka nema tun da watanni.