Tambaya da Amsa: Albashi, Kuɗi da Dardumar Farisa

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne a Jos. Na sha jin ana cewa tsohuwar daular Farisa ba ta da bayi, kuma har hutun haihuwa take ba mata. Daga ina masana suka samo wannan, kuma gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari. Tushenta allunan laka ne da tawagar Jami'ar Chicago ta tono a shekarar 1933 cikin ganuwar Fasafolis, birnin da Sarki Dariyus na Ɗaya ya kafa a ƙasar Iran ta yau. Dubbai ne, akasarinsu da harshen Elam, wani tsohon harshe na yankin, kuma an rubuta su tsakanin 509 da 493 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani masani mai suna Richard Hallock ya shafe shekaru yana karanta su, ya wallafa sama da 2,000 a 1969.

Babu kirarin sarki a cikinsu. Lissafin ma'aji ne zalla: sha'ir nawa ya fita, wa ya karɓa, a wane wata, hatimin wa aka buga. A ganinmu darajarsu ke nan, domin akawu bai rubuta don ya burge kowa ba. Namiji ma'aikaci yakan karɓi sha'ir kimanin lita 30 a wata. Matan da ke shugabantar ayarin ma'aikata sukan kai lita 50, wato sun ɗara maza da yawa. Farnaka, shugaban hukumar da ke rabon abincin baki ɗaya, kullum ana ba shi tumaki 2, gari lita 180 da giya lita 90, wanda da shi yake ciyar da jama'ar da ke ƙarƙashinsa. Matafiyin gwamnati kuwa sai ya nuna takardar izini mai hatimi a kowane zango kafin a auna masa garin yini, lita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Game da masu jego, abin da allunan suka nuna ƙarin abinci ne, ba hutu ba. Wadda ta haifi namiji tana samun ninkin abin da mai 'ya mace ke samu. Ma'aikatan kuma da yawansu an kwaso su ne daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, don haka ba su abinci bai isa hujjar cewa 'yantattu ne ba. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su ɗauki lissafin shekara 16 na yanki guda, wanda abinci kaɗai ya shafa, su shimfiɗa shi a kan daular da ta kai daga Masar zuwa kogin Indus. Idan za ka kafa hujja da allo, faɗi shekararsa da garin da ya shafa.

Tambaya: Ni ɗan canji ne a Wuse, Abuja. Da wane irin kuɗi suke ciniki da biyan haraji?

Amsa: Alhaji, Dariyus ya buga tsabar zinariya mai suna darik, nauyinta kimanin giram 8.4, da hoton sarki riƙe da baka. Ta azurfa, siglos, tana kusan giram 5.5, kuma 20 ke canza darik ɗaya. Sai dai sun fi yawo a yammacin daular, wajen birnin Sadis da ke Turkiyya ta yau, inda ake biyan sojojin haya na Girka. A tsakiyar Farisa auna azurfa ake yi a ma'auni. Wasu allunan baitulmali da aka rubuta bayan waɗancan sun nuna ana biyan wani ɓangare na albashi da azurfa maimakon abinci, ana ƙiyasta tunkiya ɗaya a shekel 3 (shekel ma'aunin nauyin azurfa ne).

Hirodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya ce lardunan haraji 20 ne. A matakalar Apadana kuma, wato babban zauren fadar Fasafolis, an sassaƙa tawagogi 23 ɗauke da dawakai, raƙuma, tufafi, kwanonin ƙarfe da hauren giwa, ga fadawa suna riƙe da hannun jagoran kowace tawaga, kamar hakimai sun zo gaisuwar sallah. Wasu masana na cewa hoton bikin Nauruz ne, wato sabuwar shekarar Farisawa, wasu sun ƙi yarda, domin babu rubutun zamanin da ya ambaci bikin a wurin.

Tambaya: Ina sayar da dardumomi a Taminus, Jos. Yaya zan gane ta hannu ta ainihi?

Amsa: Hajiya, fara da juya bayanta. A saƙar hannu zanen yana fitowa sarai a baya, ƙulli-ƙulli, kuma layukan ba sa miƙewa sak. Gezar bakin ita ce ƙarshen zaren tsaye da aka ɗaura ƙullin a kai. In kika ga an ɗinka ta daga baya, yawanci aikin inji ne. Sannan ki ƙirga ƙullin da ke cikin santimita ɗaya a tsaye da a kwance, ki ninka lambobin biyu da juna. Dardumar Ardabil ta Farisa da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, mai ɗauke da shekarar 946 Hijira, ta haura ƙulli 50 a kowane murabba'in santimita, ga tsawo sama da mita 10.

Rini ma yana tona asiri. Shuɗi daga baba yake, ja daga saiwar tsiron runas, rawaya daga ɓawon rumman, kuma sai an jiƙa ulun a ruwan alam kafin ja da rawaya su kama. Idan launi ya ɗan sauya a tsakiyar filin dardumar, ba aibi ba ne, ulun wata tukunyar rini aka ci gaba da shi. Baƙin da aka kama da ƙarfe yana cin ulu, shi ya sa yakan lotsa a tsofaffin dardumomi. Ki goga farin ƙyalle mai laima a kan jan. In ya zuba, rinin bai kama ba, kuma wankin farko zai ɓata farin da ke kusa da shi.