Tsohon karena mai ciwon ƙoda zai iya jure tafiyar wata uku a motar kwana?

Tambaya: Likita, karena ya kai shekara 13, nauyinsa kilo 25. Yana fama da amosanin gaɓɓai a ƙafafun baya, gwajin jini kuma ya nuna ƙodarsa ta fara rauni. Yana shan meloxicam, maganin ciwon gaɓɓai, kullum. Ni da maigidana mun shirya zagaya ƙauyuka na wata uku a motarmu mai gado da wurin girki, kuma ba mu da wanda za mu bar wa shi. Wani ya ce in maganin ya ƙare a hanya in ba shi ibuprofen ko diclofenac, wai duk ɗaya ne. Tsorona kada ya mutu mana a daji, ya zama ni na jawo.

Amsa: Malama, hankalinki ya kwanta. Shekaru kaɗai ba sa hana kare tafiya, kuma tsohon kare ya fi samun natsuwa kusa da masu shi fiye da a hannun baƙo. Gwaji ne zai yanke hukunci. Mako biyu kafin ku tashi a sake auna kiriyatinin, SDMA da fosfaras, wato sinadaran jini da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, a duba fitsari, a auna hawan jini. In ciwon ƙodar yana mataki na ɗaya ko na biyu cikin huɗu, alƙaluman ba su hau ba tun gwajin baya, yana cin abinci, nauyinsa bai ragu ba, to ku kama hanya. In ya shiga mataki na uku yana amai, a fasa. Ki karɓi takardar sakamakon ki ɗauki hotonta a waya, don likitan da za ki tarar a wani gari bai san karenki ba.

Sai maganar wanda ya ce duk ɗaya ne. Wannan magana ta kashe karnuka da yawa, kuma kusan kullum sai an kawo wani kare asibitin dabbobi saboda ita. Mai sayar da magani ya faɗa, maƙwabci ya faɗa, wani a intanet da bai taɓa ganin cikin kare ba ya rubuta, sai mutum ya ɗauki ƙwaya ya cusa a nama.

Waɗannan magunguna suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin sinadaran da ake kira prostaglandin. To su ɗin ne kuma suke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, su ne kuma suke buɗe wa ƙoda hanyar jini idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Jikin kare ba ya fitar da wasu magungunan mutane da saurin da namu yake yi. Naproxen, wani maganin ciwo na dangin ibuprofen, a jikin mutum rabinsa yana fita cikin awa 12 zuwa 17, a jikin kare sai ya kusa kwana uku, don haka ƙwayar yau tana hawa kan ta jiya. Ibuprofen kuwa, daga miligiram 25 a kowane kilo ake fara ganin amai da ciwon ciki. Ƙwaya mai miligiram 400 safe da yamma ga kare mai kilo 25 ta kai 32 a kowane kilo, kin ga an wuce tun ranar farko. Rage shi ma ba mafita ba ne, domin miligiram 8 a kowane kilo kullum na wata guda ya isa ya haifar da gyambon ciki. Wannan duk lissafin lafiyayyen kare ne. Naki ƙodarsa ta riga ta gaji, ga zafin hanya, ga haki, ga ƙishi.

Abin takaicin shi ne maganin yana aiki da farko. Kare ya miƙe ya yi tafiya, mai shi ya ce ai ga shi nan, likitoci ne da son kuɗi. Bayan 'yan kwanaki sai ya ƙi abinci, ya yi amai mai launin ƙasa-ƙasa, kashinsa ya fito baƙi wuluk mai danƙo kamar kwalta, dasashinsa ya yi fari. Jini ne ke zuba a ciki. In gyambon ya huda bangon cikin, sai tiyata cikin sa'o'i, ku kuwa kuna inda ko sabis na waya babu.

Akwai masu cewa to a sayi meloxicam na mutane, tunda suna ɗaya. Ƙa'idar kare ita ce miligiram 0.1 a kowane kilo, wato miligiram 2.5 ga naki. Ƙwayar mutane 7.5 ce ko 15, ninki uku ko shida ke nan. Mafi muni kuma shi ne haɗa meloxicam da magungunan kumburi na dangin steroid, wato prednisolone ko allurar dexamethasone, wadda likitocin bogi ke soka wa kowace dabba da ta yi laushi. Duk wanda ya ɗago sirinji a hanya, ki fara gaya masa abin da karen ke sha kafin allura ta taɓa fata. Ko likita ne zai sauya masa magani daga meloxicam zuwa wani irinsa ko zuwa steroid, sai an bar tazarar kwana biyar zuwa bakwai. Paracetamol ma, ko da yake likitoci kan rubuta wa kare, kada ki auna da kanki, yana taɓa hanta.

Hanyar tsira mai sauƙi ce: ki tafi da maganin wata huɗu. Ki ajiye shi nesa da gilashin gaba, inda zafi bai wuce digiri 25 ba. Ranar da ya ƙi cin abinci, ko ya yi amai ko zawo, kada ki ba shi meloxicam ɗin ma. Ki roƙi likitanki tun yanzu ya rubuta gabapentin, wani maganin ciwo na daban, na irin wannan rana, amma ki guji na ruwa na mutane, wasu suna ɗauke da sinadarin zaƙi mai suna xylitol, guba ce ga kare.

Ruwa kada ya yanke masa ko da minti goma. Kare mai nauyinsa yana shan kusan lita ɗaya da rabi a rana, mai ciwon ƙoda ya fi haka. Masu rage ruwa don kada ya yi fitsari a mota suna ƙarasa ƙodar ne da hannunsu. Ku tsaya duk awa biyu ya sauka ya taka. Ruwan kududdufi da na tafki a hana shi, cutar leptospirosis da ake ɗauka daga irin wannan ruwa ƙoda take kamawa, ki tabbatar rigakafinsa bai tsufa ba. Ki kuma leƙa ƙarƙashin mota kowace safiya, ruwan lagireto mai launi yana da zaƙi a bakin kare, kaɗan daga cikinsa yana kashe ƙoda.

Abincinsa na masu ciwon ƙoda ki saya isasshe, ba lallai ki same shi a ƙauye ba. A sa masa maganin kaska kafin tafiya, ki riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsu da yamma. Kada ya yi tsalle daga mota, a jingina masa katako mai shimfiɗar roba ya gangaro. Gadonsa ya zama katifa mai kauri a ƙasa, a ɗaure shi da ɗamarar ƙirji lokacin tuƙi, a kuma rufe sumul ɗin daɓen motar da tabarmar roba don kada ƙafafunsa su zame.

Mota a rana tana ƙara kusan digiri 11 cikin minti goma, ɗan buɗe taga ba ya canza komai. Kada ki bar shi ciki shi kaɗai da sunan inuwa, inuwa tana matsawa. Ki riƙe ma'aunin zafi: daidai shi ne 38 zuwa 39.2 ta dubura, in ya haura 40 ki jiƙa shi da ruwa mai sanyi, ki kunna fanka, ki nufi asibiti.

Kowane dare in ya yi barci ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, ƙasa da 30 ake so. Kowane masauki ki san asibitin dabbobi mafi kusa da lambarsa kafin ki kashe inji, kuma kada nisan asibitin ya wuce tafiyar awa biyu. A mako na huɗu ko na shida a sake gwajin jini a duk garin da kuke. In ya yi kwana biyu bai ci ba, ko ya kasa miƙewa da kansa don yin fitsari, tafiyar ta tsaya a nan, ku kai shi wurin likita a ranar.