An buɗe wa Baba jijiyar zuciya, sai aka ce yana da ciwon sukari

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 58 ya samu bugun zuciya, aka saka masa ɗan bututun waya a jijiyar da ta toshe. A nan aka ce sukarinsa ya hau, alhali bai taɓa fama da shi ba. Aikin ne ya jawo?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Aikin bai jawo ba, 'yar'uwa, sai dai wataƙila ya tona abin da ke ɓoye. Ciwon sukari kan yi shekaru yana cin jijiyoyin jini ba tare da ƙishirwa ko yawan fitsari ba. Wani lokaci ma yakan kashe jin zafi, har bugun zuciya ya zo ba ciwon ƙirji. A wani bincike da aka buga a 2002 daga Suwidin, cikin mutum 181 da suka samu bugun zuciya ba a san su da sukari ba, kusan kashi ɗaya cikin uku suna da shi, wani kashin kuma yana bakin kamuwa.

Amma awo ɗaya a gadon asibiti ba hujja ba ne, domin firgicin da jiki ke shiga yana ɗaga sukari na ɗan lokaci. A yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku: kashi 6.5 cikin ɗari ko sama ciwo ne, 5.7 zuwa 6.4 bakin kamuwa. Idan yana da sikila, ko ƙarancin jini, ko an ƙara masa jini kwanan nan, wannan gwajin kan yi ƙarya. Ni na fi amincewa da a ba shi ruwan gulukos giram 75 bayan ya kwana bai ci ba, a auna sukarin jininsa bayan awa biyu: a ma'aunin mmol/L, 11.1 ko sama ciwo ne, 7.8 zuwa 11.0 bakin kamuwa.

Me ya sa muke damuwa? Jijiyar mai sukari ta fi saurin sake tsukewa a cikin bututun. Sannan sanin ciwon yana canza magani: akwai irin su empagliflozin da ke kare zuciya da ƙoda, ban da rage sukari.

Ko da bakin kamuwa aka samu, kada a ce ai ba komai. Tafiyar minti 30 mafi yawan kwanaki, idan likitansa ya amince, a rage shinkafa, tuwo da lemon kwalba, a sake gwaji duk shekara. Kuma kada ya daina maganin hana daskarewar jini ko na kwana ɗaya sai da izinin likitan zuciyarsa.