Filin Tambaya da Amsa: Wai haraji ne ke hana masu ƙananan sana'o'i rajista?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar sana'ata da yara kaɗan da suke min aiki, kowa sai ya ce kar in kuskura in yi rajista haraji zai cinye ni. Da gaske haraji ne ke sa mutane ɓuya? Kuma ina ruwan ma'aikata a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ba kai kaɗai ba ne, rahoton ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO na 2018 ya ce mutum wajen biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna aiki ne ba rajista ba takarda a hukumance.

Haraji na da hannu sosai, amma ni a ganina inda aka ɗora shi ya fi yawansa illa. Harajin riba sai ka ci riba za ka biya. Wanda ake ɗorawa kan albashi kuwa ko an yi ciniki ko ba a yi ba yana nan duk wata, shi ya sa mai gida sai ya ɗauki yaro da baki kawai, ba takarda ba fansho ba inshora, ranar da ciwo ya kwantar da shi shikenan an sallame shi, kaga wanda ke kwana a ciki shi ne ma'aikacin, kuma wallahi wannan ne ya fi damuna. Ko a Faransa an lura kamfanoni da yawa na tsayawa kan ma'aikata 49, don daga 50 sabbin dokoki da ɗawainiya ke hawa kansu.

Wasu ƙasashe sun gwada gyara. Kolombiya a 2012 ta rage kuɗin da kamfani ke biya kan albashi daga kashi 29.5 zuwa 16, kuma bincike ya nuna aiki mai takarda ya ƙaru. Brazil ma tun 1996 ta haɗe haraji da dama na ƙananan kamfanoni ya zama biya ɗaya, tsarin da suke kira Simples.

Sannan kar ka ɗauka wai yanzu ba ka biyan komai. Duk kayan da ka saro da VAT a kai, wato harajin da ake ƙarawa kan farashin kaya, ka riga ka biya, kuma tunda ba ka da rajista ba yadda za a cire maka shi kamar yadda ake wa masu rajista, ga bashin banki da kwangilar manyan kamfanoni duk sun wuce ka.

Shawarata ka je ofishin haraji ko ka sami akanta ka tambayi iyakar cinikin da ake fara biya daga kansa, ƙasashe da yawa na yafe wa ƙanana ko su yanka musu ɗan abu tsayayye. Ka fara rubuta shiga da fita tun yau, don wanda ba shi da littafi ƙiyasi ake masa. Allah Ya sa albarka a sana'a.