Dashen mangwaro a tsakar gida yana bushewa

Malam, ka ce sau biyu kana dasa mangwaron aure a tsakar gida, kafin wata biyu ganyen ya ƙone, itacen ya mutu. Yawanci daga rami matsalar take farawa.

Ka haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin 60, nesa da katanga da masai aƙalla mita 5, domin saiwar tana tsaga gini. Ka gauraya ƙasar saman ramin da bokiti ɗaya na takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma gara yake jawowa. Nan mutane da yawa suke kuskure. Ka sa reza ka tsaga ledar da dashen yake ciki ba tare da ka fasa dunƙulen ƙasar ba, kuma wurin auren, wato inda aka haɗa reshen da gindin, ya tsaya sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya. A dasa da yamma, a farkon damina.

Da rani, bokiti ɗaya na ruwa duk kwana biyu ya isa, amma ban da ruwan wanki mai sabulu. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin, kada ta taɓa jikin itacen, sannan ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk tsiron da ya fito ƙasa da wurin auren, cire shi.

Idan ka ga ƙaro yana tsattsafowa daga jikin itacen, ko rassa suna bushewa daga sama, ka nuna wa malamin gona kafin ka sayi magani.