Tambaya da Amsa: In ciro kan sarkin ko in bar shi a jikin ambulan?

TAMBAYA: Salam Malam. Muna gyaran kayan marigayi kakanmu sai na ci karo da tsofaffin wasiƙu cikin ambulan ɗinsu, wasu ma hatimin 1942 ne a jiki. Yayana ya ce in jiƙa su a ruwa in ciro kan sarkin in zubar da sauran, wai shi ne mai daraja. Haka ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Don Allah kar ki kai su kusa da ruwa, a gaida Yaya amma nan kam bai canka ba. Kan sarki na wancan zamanin an buga shi da yawan gaske, in kika ɓanɓaro shi ya zama ɗaya cikin dubbai, amma ambulan ɗin da hatiminsa da kwanan wata da adireshi da rubutun hannu, to babu irinsa sak a ko'ina, kuma shi masu tara kayan gidan waya suke bi. Ki juya bayansa ma, sau da yawa akwai hatimin garuruwan da wasiƙar ta ratsa kafin ta iso, da shi ake gane hanyar da ta bi da kwanakin da ta yi.

Tunda kin ce 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu kenan, ki duba gefe ko akwai wata takarda da aka liƙe bakin ambulan ɗin da ita, alamar jami'an tantancewa sun buɗe sun karanta sannan suka mayar. Wasu gani suke datti ne su yage, alhali ita ke ƙara masa armashi.

Misali, akwai ambulan da aka aika daga tsibirin Morishiyos zuwa Bodo ta Faransa a 1847 ɗauke da kan sarki guda biyu, a gwanjon 1993 ya haura faran miliyan 5, kuɗin ƙasar Suwizalan. Kai har wasiƙun da suka tsira da ƙuna a hatsarin jirgin sama na Hindenburg a 1937 nemansu ake ruwa a jallo, da ƙunar tasu da komai. Amma fa kar ki fara lissafin kuɗi, yawancin na gida ba su da wani tsada, tarihin ne abin riƙewa.

Wajen ajiya kuma, ban da salatif, ban da laminatin, ban da biro, in rubutu ya zama dole ki sa fensir a wata takarda daban. Ki cire ƙusar takarda in akwai don tsatsa take yi ta ci takardar, ki nisanta su da rana da danshi da gara, kuma kowace wasiƙa ki bar ta cikin ambulan ɗinta kar su cakuɗe.