An yi wa laftof ɗina sabon Windows, komai ya tafi har da furojek ɗina

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, laftof ɗina HP ce ta hannu, ta daɗe tana nauyi sai shekaranjiya na kai wa wani mai gyara, na ce masa ya duba min ita kawai, da na koma karɓa sai ya ce ai ya sa mata sabon Windows 10. Na zo gida na kunna babu komai wallahi, furojek ɗina babi huɗu da na gama da hotunan marigayi babanmu duk babu. Ajiyarta 500GB ce. Don Allah akwai yadda za a yi su dawo?

Amsa:

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsar, in da laftof ɗin kake karantawa to ka kashe ta ka koma waya. Da gaske nake. Duk minti ɗaya da take kunne Windows na rubuce-rubucensa a kan faifan, yana sauke sabuntawa, burauza na ajiye tarkacenta, kuma wurin da suke rubutawa shi ne wurin da hotunan nan ke kwance.

Bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Ka ɗauki faifan kwamfuta kamar sito ne mai rajista a bakin ƙofa, rajistar ce ke cewa buhu kaza na lungu kaza. Fomat ɗin da ake yi lokacin sa Windows na gaggawa ne, rajistar kawai yake yagewa ya ajiye sabuwa fara fat, buhunan na nan a ciki ba wanda ya taɓa su, sai dai yanzu a wurin kwamfutar siton fanko ne, duk sabon kayan da ya shigo za ta jibge shi a kan na da. Sabon Windows ɗin ya riga ya cinye kamar 20GB zuwa 30GB, abin da ke ƙarƙashin nan ya tafi kenan, amma a cikin 500GB ka ga ai da sauran fili da yawa.

To amma mu fara da mai sauƙi, domin ba kowane mai gyara ne ke yin fomat ba. Wani ɗora sabon yake a kan tsohon kawai, in haka ne Windows da kansa yana tattara tsofaffin kayanka ya zuba a folda mai suna Windows.old a cikin C, wato ɓangaren faifan da Windows ke zaune. Ka kunna ta sau ɗaya ba tare da ka haɗa ta da intanet ba, ka shiga C, in ka ga Windows.old ka buɗe Users sannan sunanka, za ka tarar da Desktop da Documents da Pictures yadda ka bar su. Ka kwashe su zuwa filas a take, kada ka ce sai gobe, don Windows 10 da 11 kan share wannan foldar da kansu bayan kwana 10. Ka duba kuma ko akwai D, wato ɓangare na biyu na faifan, wasu masu gyaran C kaɗai suke gogewa. Ko ma ka kira mutumin ka tambaye shi cikin lalama me ya danna, faɗa da shi yanzu ba zai dawo da fayil ko ɗaya ba, amsarsa kuwa za ta rage maka wahala.

Sannan ka zauna da wayarka ka yi tunanin inda furojek ɗin ya taɓa zuwa. Ka taɓa tura wa malamin da ke duba ka ta imel ko WhatsApp? Shagon da ka je buga babi na uku fa, sau da yawa fayilolin ɗalibai na nan zube a kwamfutarsu wata da watanni. In kuma da akawun ɗin Microsoft kake shiga tsohon Windows ɗin, shiga OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ta waya ka gani, mutane da yawa kayansu na hawa can ba su ma sani ba, kwandon shararsa ma na riƙe abin da aka goge har kwana 30. Hotunan Baba kuwa ka tambayi 'yan gida, da wuya a ce ba wanda ke da wasu.

In duk wannan bai yi ba, sai mu zo kan tambayar da ita ce za ta raba gardama: faifan naka HDD ne ko SSD? HDD shi ne mai juyawa, in ka kara kunne za ka ji ɗan ƙugi, SSD kuwa shiru yake, wani ma siriri ne kamar cingam. A Task Manager, wurin da Windows ke nuna aikin kwamfutar, ƙarƙashin Performance ana rubuta shi ɓaro-ɓaro. Misalin siton nan da na ba ka na HDD ne. SSD na da wani abu da ake kira TRIM, da zarar an yi fomat Windows zai gaya masa duk wurin nan ba a buƙatarsa, shi kuma sai ya bi ya share da kansa, kamar sito mai yaron shara da ba ya jiran umarni na biyu. In SSD ne kuma an yi fomat, ba zan ɓoye maka ba, da ƙyar ne a samu wani abu, ko wace manhaja aka sa. Haka in faifan na kulle da BitLocker, makullin sirri na Windows, kafin a goge shi, abin da za a tono ba zai karantu ba. Amma tsofaffin HP masu 500GB yawanci HDD ne, shi ya sa nake maka kyakkyawan zato.

Ga yadda ake aikin. Kada ka sauke manhajar dawo da fayil a kan wannan laftof ɗin, wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, garin neman gira a rasa ido. A ciro faifan, a sa shi a ɗan kes ɗin nan na USB da ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta, a jona shi da wata kwamfutar daban, can za a yi binciken. In ka jona shi kwamfutar ta ce maka a yi fomat, ka ce a'a. Kuma abin da aka samo a zuba shi a wani faifan ko filas mai girma, ba a kan wanda ake tonowa ba. In ba ka da wata kwamfutar, ana iya tayar da taka da Ubuntu, wani tsari ne madadin Windows, daga filas ba tare da an girka shi ba, amma gaskiya in ba ka saba ba ka nemi wanda ya iya.

Manhaja kuwa ni da DMDE nake farawa, saboda tana neman ragowar tsohuwar rajistar, in an dace sai ka ga foldoji da sunayensu na asali, ta kyautar tana barin ka kwashe har fayil 4000 daga folda ɗaya a lokaci guda, wanda ya ishe ka. Recuva ta fi sauƙin sha'ani amma sai ka kunna mata Deep Scan, kuma bayan sabon Windows ba kasafai take burge ni ba. In waɗannan sun gaza sai PhotoRec, kyauta ce gaba ɗaya, wani Bafaranshe Christophe Grenier ne ya rubuta ta tare da TestDisk. Ita ba ruwanta da rajista, faifan take bi daga farko har ƙarshe tana gane fayil ta yadda kansa ya fara, ko JPG ne ko DOCX ko PDF. Matsalarta ba ta dawo da suna, za ka tarar da dubban fayiloli masu suna irin f1234567.jpg a foldoji recup_dir.1, recup_dir.2 har illa masha Allah, har da ƙananan hotunan shafukan da ka taɓa buɗewa. Don haka kafin ta fara ka shiga File Opt ka zaɓi jpg da zip kawai, DOCX a cikinsa zip ne shi ya sa yake ƙarƙashin nan, in ta gama sai ka jera su bisa girma, hotunan kyamara na gaske su ne manya. Furojek ɗin ma za ka iya ganin kwafinsa biyar ko shida na lokuta daban-daban, ka buɗe kowanne ka ga wanda ya fi cika. Bidiyo ne ya fi fitowa a lalace don shi a warwatse ake ajiye shi.

Aikin 500GB ta USB na iya cin sa'o'i da yawa, wani lokacin kwana guda, to ka tabbatar akwai wuta ko janareta kafin ka fara, kar a ɗauke a tsakiya ka dawo farko. In kuma ka ji faifan na ƙas-ƙas ko yana ɓacewa yana dawowa, tsaya nan, wannan ciwon na ƙarfe ne ba na manhaja ba, ci gaba da juya shi ƙara lalata shi zai yi, sai dai a kai wa masu aikin ceto bayanai na musamman su fara kwafe shi dungurungum zuwa wani faifan.

Ka duba Windows.old da nau'in faifan ka sake rubuto min abin da ka gani, daga nan zan gaya maka da wacce za mu fara.